Masu son janyo ruwan Kongo zuwa Tafkin Chadi, ku fara zuwa Marte

An sake ɗauko tsohuwar gangar ana kaɗawa. Da zarar manyan yankin Tafkin Chadi sun hallara a wani babban zaure, sai wani ya miƙe da taswirori biyu, ɗaya ta 1963, ɗaya ta bayan farin shekarun 1980, ya ce tafkin ya ƙafe da kashi 90 cikin 100, don haka a haƙa hanya a janyo masa ruwa daga Kongo. A tafa, a karanta takardar bayan taro, kowa ya kama gabansa. Haka aka yi a Abuja a watan Fabrairun 2018, Muhammadu Buhari yana kan mulki, inda taron ƙasa da ƙasa kan tafkin ya sa albarka ga shirin da ake kira Transaqua. Har yau maganar ba ta kwanta ba, kuma duk wanda ya ce a dakata a duba, kallon maƙiyin ci gaba ake yi masa.

Ga waɗanda suka manta girman abin: kamfanin Bonifica na ƙasar Italiya ne ya zana shirin tun ƙarshen shekarun 1970. Magudanar ruwa ce mai tsawon kilomita 2,400, za ta taso daga gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, ta riƙa tare ƙananan kogunan da ke gangarawa cikin Kogin Kongo, ta ratsa Afirka ta Tsakiya, ta juye cikin Kogin Chari. An yi lissafin za ta iya ɗauko ruwa har kubik mita biliyan 100 a shekara, a kan kuɗi wajen dala biliyan 50. Ni ba kuɗin ne ya fi damuna ba, don babu wanda ya taɓa nuna inda za su fito. Hujjar da aka gina maganar a kanta ce ke da tsaga tun daga tushe.

Wannan kashi 90 da ake ta maimaitawa, an samo shi ne ta hanyar gwada shekarar da tafkin ya fi cika da shekarar da ya fi ramewa. A 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, bayan jerin damuna masu albarka. Farin 1973 ya raba shi gida biyu, na 1984 ya kusa gamawa da ɓangaren arewa. Amma tafki ne marar zurfi, shimfiɗe kamar faranti, ruwa kaɗan ke sa ya malale ƙasa mai yawa, rashi kaɗan ke sa ya ja da baya. Tun farkon ƙarni na 20 Bafaranshen nan Jean Tilho ya tarar da shi a tsuke, har daga baya ya kasa yanayinsa uku: ƙarami, matsakaici da babba. Wato shiga da fita ɗabi'arsa ce. Rahoton cibiyar adelphi ta Jamus na 2019, da binciken tauraron ɗan'adam da mujallar Scientific Reports ta buga a 2020, duk sun nuna tafkin ya daina raguwa tun shekarun 1990, ruwan ƙarƙashin ƙasa ma ƙaruwa yake yi. A 2022 da 2024 kuwa ambaliya ce ta addabi Njamena, inda Chari da Logone suke haɗuwa. A cikin wannan kogin da ke cin unguwanni ake so a ƙara ruwan da ya ninka nasa fiye da sau biyu.

Sannan ina za a kai mutanen? Inda ruwa ya janye bai zama kufai ba. Ƙasa ce mai laka da danshi wadda ake nomawa ba taki ba ban-ruwa, makiyaya na kiwo a cikinta da rani, masunta na bin ruwan duk inda ya nufa. Mutum guda kan yi su a wannan wata ya yi noma a wata mai zuwa, gwargwadon yadda ruwan ya juya. Garuruwa sukutum sun tsiro a tsohon gindin tafkin, kuma Darak da Najeriya da Kamaru suka yi shari'a a kanta har Kotun Duniya ta yanke hukunci a 2002 tana cikinsu. Mai cewa a maido da tafkin 1963 cewa yake yi a nutsar da waɗannan gonaki da garuruwa, ko ya sani ko bai sani ba. Ban taɓa jin an ware ko sakin layi guda a jawabin taro kan inda za su koma ba.

Shi ya sa na ce su fara zuwa Marte da ke Jihar Borno. A can Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi ta Najeriya ta kafa katafaren shirin noman rani na Kudancin Chadi, da niyyar shayar da hekta 67,000 da ruwan tafkin. An haƙa magudanai, an girka injinan tura ruwa, an buɗe a 1979. Ba a yi shekara biyar cikakku ba tafkin ya ja da baya ya bar bakin magudanar a bushe. Injiniyoyin sun yi lissafi da tafkin da suka gani a shekarun cika, suka ɗauka haka zai dawwama. Irin wannan kuskuren ne ake shirin maimaitawa ta ɗaya gefen, an ɗauki hoton shekarun fari an ce shi ne halin tafkin har abada.

Daga Marte sai su biyo ta Hadeja da Nguru, su ga abin da tare kogi ke yi wa na ƙasa. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, don shayar da Kano da gonakin rani na Kadawa. Kafin nan, ambaliyar damina ce ke rayar da fadamun Hadeja zuwa Nguru: ta zo ta shimfiɗa laka, kifi ya hayayyafa, a shuka shinkafa, ruwa ya janye a yi noman rani, shanu su samu ciyawa, rijiyoyi su cika. Da aka kama kogin aka riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai ambaliyar ta ragu, kuma wuraren da a da ke bushewa da rani suka zama jiƙaƙƙu kullum. Nan kachalla ta samu gindin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta karkatar da shi inda ba a so, ta cinye gonaki, ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki masu wawushe hatsi. Ruwan da ke isa Gashuwa da Gaidam ya ragu, balle wanda zai kai tafkin ta Komadugu Yobe. Masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun yi lissafi a shekarun 1990, suka gano ribar noman ranin da aka samu a sama ba ta kai asarar da aka jawo wa fadamun ƙasa ba. Wannan fa madatsu biyu ne a cikin ƙasa guda, ƙarƙashin gwamnati guda, kuma shekara da shekaru an kasa daidaita yadda za a saki ruwansu. Su ne za su riƙe magudanar da ta ratsa ƙasashe uku?

Masu shirin suna son kawo misalin Tekun Aral da ke tsakiyar Asiya, wai kada Chadi ya bi sahunsa. Da sun karanta labarin har ƙarshe da ba su ambace shi ba. Aral ya kai murabba'in kilomita 68,000 a 1960, shi ne na huɗu a girma cikin tafkunan duniya. Babban aikin karkatar da ruwa ne ya kashe shi, lokacin da Tarayyar Sobiyet ta juya kogunan Amu Darya da Sir Darya zuwa gonakin auduga, ta hanyar magudanai irin ta Karakum, wadda ruwa mai yawa ke tsiyayewa cikin yashi ko ya bi iska kafin ya isa gona. Garin Moinak, wanda a da tashar jiragen su ne, yanzu ya fi kilomita 100 nesa da ruwa, jiragen na kwance a kan rairayi. Iska na kwasar gishiri da ragowar maganin ƙwari daga busasshen gindin tekun tana watsa wa mutane cikin huhu. Da abin ya ɓaci, sai mahukunta suka ce maganin shi ne a sake wani karkatarwar, a janyo kogunan Saiberiya zuwa kudu. Su da kansu suka yi watsi da shirin a 1986. Ɗan farfaɗowar da aka gani a ɓangaren arewa, ƙaramar madatsar Kokaral ta 2005 ce ta kawo shi, tare da gyaran yadda ruwan Sir Darya ke gudana.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake maganar ruwan Kongo kamar ba shi da mai shi. Wai kashi kaɗan ne za a ɗiba daga abin da ke "zubewa a banza" cikin teku. Ruwan kogi ba ya zubewa a banza. Kogunan da magudanar za ta tare suna cikin waɗanda ke ciyar da dazuzzuka da fadamun tsakiyar Kongo, inda a 2017 masana suka bayyana wata shimfiɗar ruɓaɓɓen ganye mai faɗin murabba'in kilomita kusan 145,000, wadda ke riƙe da tan biliyan 30 na sinadarin kabon. Jiƙewa ce ke tsare shi a ƙasa, in wurin ya bushe sai ya tashi ya shiga iska. Kogin Ubangi, wanda wani ƙaramin shirin janyo ruwan da aka yi wa nazari a 2011 ya dogara da shi, shi kansa ruwansa ya ragu har jiragen kaya ba sa iya kaiwa Bangui da rani. 'Yan siyasar Kinshasa sun sha cewa ba su yarda ba, kuma ƙasarsu ba ta cikin Hukumar Tafkin Chadi ta ƙasashen yankin da aka kafa a 1964. Ana rabon kayan mutum ba ya wurin.

Akwai kuma abin da zai biyo ruwan. Haɗa koguna biyu da suka rabu tun fil azal buɗe ƙofa ne ga kifaye, ciyayi da cututtukan da ba su taɓa haɗuwa ba. Giwan ruwa da aka saka a Tafkin Biktoriya a shekarun 1950 ya share ɗaruruwan jinsunan ƙananan kifaye, kuma babu wanda ya iya fitar da shi. A Kogin Senegal, bayan madatsar Diama ta 1986, katantanwa ta yaɗu a ruwan da ya daina motsi, tsargiya ta mamaye garin Richard Toll cikin 'yan shekaru. Ƙasa mai zafi kuma, in aka yi ta yi mata ban-ruwa ba magudanar fitarwa, gishiri ne ke tasowa ya yi fari a kan kunya. A yankin Chadi rana na shanye sama da mita 2 na ruwa a shekara.

Masu cewa ƙafewar tafki ce ta haifi Boko Haram, don haka cika shi zai kawo zaman lafiya, su tuna a tsakiyar birnin Maiduguri ƙungiyar ta tashi, ba a tsibiran tafki ba. Abin da ya raba masunci da kominsa a shekarun nan bindiga ce da haraji na 'yan ta'adda da rufe hanyoyin kasuwa. Ruwa yana nan, zuwa wurinsa ne ya gagara.

In da gaske ake son tafkin, aikin yana gida. A tsara sakin ruwan Tiga da Challawa yadda zai yi kama da ambaliyar da, a yashe hanyoyin da kachalla ta toshe, a yi wa maganar madatsar Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are kallon tsanaki kafin a kama kogin da ya rage yana gudu da kansa, a buɗe wa masunta da manoma hanya su koma bakin ruwa. A kuma duba lafiyar madatsun da ke hannu. Ta Alau ta fashe a watan Satumban 2024, ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare mutane na barci, kuma ita tazararta da birnin ba ta kai kilomita 30 ba.