Masu zanenmu na bukatar gida mai mabuɗi a hannunsu

A kudancin Landan, daura da filin wasan kurket na Oval, akwai wani tsohon ginin bulo da ake kira Gasworks, wanda in ba an nuna maka shi ba za ka wuce ba ka lura ba. Ranar da na fara shiga, na tsaya a bakin ƙofa ina laluben kuɗin tikiti, sai matar da ke zaune wurin ta ce shiga kyauta ce, kuma da na gama zagayawa na tambayi farashin wani aiki da ya burge ni, ta bayyana mini cewa wurin ba kanti ba ne. Tun daga ranar nake komawa lokaci zuwa lokaci, kuma duk fitowar da zan yi, zuciyata tana komawa Zariya, wurin ɗan yayata da ya yi shekara huɗu yana karatun zane a jami'a, amma yau abincinsa yana fitowa ne daga buga allunan shaguna da fastocin 'yan siyasa. Sana'a ce ta halal, ba na raina ta, sai dai na ga abin da hannunsa yake iyawa tun yana yaro, kuma na san ba iyakarsa ke nan ba.

An buɗe Gasworks a 1994 a matsayin cibiya mai zaman kanta wadda ba ta neman riba, kuma ta fito ne daga wata haɗaka mai suna Triangle, wadda mai sassaƙa Anthony Caro da abokinsa Robert Loder suka fara a 1982 domin tara masu fasaha daga ƙasashe dabam-dabam su yi aiki wuri guda. Aikinta bai da yawa in an faɗa da baki. Tana ba masu zane mazauna Landan hayar ɗakunan aiki a kan kuɗi mai rangwame, tana gayyato wasu daga ƙasashen waje su zauna kimanin wata uku da masauki da kuɗin kayan aiki, sannan tana shirya baje koli ga waɗanda sau da yawa wannan ne karon farko da aka nuna aikinsu su kaɗai a Birtaniya. Idan zaman baƙi ya zo ƙarshe, ana buɗe ɗakunansu ga jama'a, mutum ya shiga ya ga aikin da ba a gama ba, ya yi wa mai shi tambaya ido da ido.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a tarihin wurin shi ne cewa masu tafiyar da shi sun tara kuɗi sun sayi ginin, suka gyara shi, aka sake buɗewa a 2015. Wanda ya san Landan ya san nauyin wannan mataki, domin a garin nan masu zane sukan shiga unguwar da kowa ya guje wa saboda arhar haya, su raya ta, sannan masu gidaje su ɗaga kuɗi su kore su. Cibiyar da ke zaman haya ba ta iya yi wa matashi alkawarin shekara uku, don ita kanta ba ta san inda za ta kwana baɗi ba.

A gida, idan aka yi zancen tallafa wa fasaha, tunaninmu yakan tafi ga biki na kwana uku, da rumfa da manyan baƙi da jawabai, ko kuma ga katafaren gini da gwamnati za ta ƙaddamar. Bukukuwa suna da amfaninsu, kuma ina jinjina wa waɗanda suke wahalar shirya bukukuwan littattafai da fasaha a Kaduna. Amma ranar da aka naɗe rumfa, mai zane yana komawa ɗakin da yake kwana da ƙannensa biyu, inda babu wurin da zai jingina babban allo fenti ya bushe, babu littafin da zai duba, babu kuma wanda zai kalli aikinsa ya ce masa nan ya yi daidai, nan kuma da sake.

Wannan mutum na ƙarshe shi ne muka fi rashi, wato mai tsara baje koli. Da farko ni ma na ɗauka aikinsa bai wuce rataye hotuna a bango ba. Sai da na zauna a 'yan tarurruka na fahimci cewa shi ne yake bin ɗakunan masu zane tun kafin a san su, yana jayayya da su a kan aikinsu, yana zaɓar abin da za a nuna da abin da za a ajiye, yana rubuta bayanin da zai sa baƙo ya gane abin da yake kallo, yana kuma adana hotuna da takardu domin wanda zai zo bincike bayan shekara ashirin. Marigayiya Bisi Silva, 'yar Najeriya mai tsara baje koli, ta gane haka da wuri. Bayan ta yi karatun wannan fanni a Landan, ta koma gida ta buɗe cibiyar fasahar zamani mai suna CCA a unguwar Yaba ta Legas a 2007, da zauren nuni da ɗakin karatu cike da littattafan fasaha, sannan a 2010 ta fara shirin horarwa na Àsìkò, wanda ya yi zama a Legas da Accra da Dakar da Maputo da Addis Ababa. Ta rasu a 2019, amma waɗanda ta horar suna nan suna aiki a sassa dabam-dabam na Afirka. Haka Koyo Kouoh, ita ma mai tsara baje koli, wadda ta rasu a 2025, ta yi a Dakar da cibiyar RAW Material Company daga 2008.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, tarihin zanen zamani na Najeriya ba ya cika sai an ambaci Zariya. A can ne, a 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu, suka ce ba za su tsaya ga kwaikwayon Turawa ba, za su haɗa abin da suka koya a aji da abin da suka gada a gida. Har yau sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana yaye ɗalibai kowace shekara. Sai dai wanda yake son a ga aikinsa daga cikinsu, yawanci dole ya nufi Legas ko Abuja, domin can ne masu saye da masu rubutu da zaurukan nuni suka taru. Mu ne da gona, amma rumbu yana garin wasu.

Na san za a ce arewa ba ta da masu sayen zane, kuma mutanenmu suna da shakku a kan hoto ta fuskar addini. Amsata ita ce a dubi Tamale a arewacin Ghana, gari mai Musulmi da yawa, mai nisa da Accra, inda ake jin Hausa a kasuwa da zango. Mai fasaha Ibrahim Mahama, haifaffen garin, wanda ya yi suna da lulluɓe gine-gine da tsofaffin buhunan algarara, ya ɗauki kuɗin da yake samu daga sayar da aikinsa a waje ya buɗe cibiyar fasahar zamani mai suna SCCA a garin a 2019, ya bi ta da wata mai suna Red Clay, inda ya ajiye tsofaffin jiragen sama ya mai da su azuzuwan yara. A 2024 na je da kaina na ga yadda ya rufe bangon babbar cibiyar fasaha ta Barbican a nan Landan da wani ƙaton saƙi da ɗaruruwan masu sana'ar hannu suka ɗinka a Tamale, an ɗora masa tsofaffin riguna. Na daɗe a tsaye a wurin, domin ɗinkin ya yi kama da abin da na tashi ina gani a hannun maɗinkan unguwarmu.

Batun addini kuwa, bai kamata a yi masa riƙon wasa ba, amma fasaharmu ta fi hoton mutum faɗi nesa ba kusa ba. Muna da zayyanar allo da ta Alƙur'ani, da rinin Ƙofar Mata, da aikin aska a wuyan riga, da adon gini irin wanda ya sa ake zuwa kallon aikin Babban Gwani a masallacin Juma'a na Zariya, ga kuma tukwanen Ladi Kwali wadda hotonta ke jikin takardar naira 20. Cibiyar da za ta zaunar da tsohon mai zayyana da yarinya mai ɗaukar hoto a tsakar gida ɗaya, tana da abin nunawa na shekaru ba tare da ta taɓa abin da ake saɓani a kansa ba.

Ba na cewa a kwafo tsarin Ingila. Cibiyoyin Ingila suna rayuwa ne a kan tallafin Arts Council, wato hukumar tallafa wa fasaha ta ƙasar, da kuɗin gidauniyoyi, kuma ma'aikatansu suna ƙarar da rabin ƙarfinsu wajen cike takardun neman kuɗi. Wani lokaci kuma zan shiga zaure in tarar ni kaɗai ne, alhali maƙwabtan ginin ba su taɓa leƙawa ba, ga bayanin da ke bango an rubuta shi da Turancin da sai wanda ya yi digiri biyu zai warware. A wannan fanni mun fi su, domin a wurinmu zaure buɗaɗɗe ne, kuma koyon sana'a a gaban ubangida ya koya mana yadda babba yake riƙe ƙarami har ya tsaya da ƙafarsa.

Muna kuma da waƙafi, wanda ya girmi duk wata hukumar tallafi ta Turai. Yadda attajiri yake tsayar da gida ko shaguna domin makaranta ko rijiya, haka zai iya tsayar da gida mai ɗaki biyar a Samaru ko cikin birnin Kano, a rubuta a takarda cewa ba za a sayar ba, ba za a raba shi gado ba, da shaguna biyu a gaba waɗanda hayarsu za ta biya wutar lantarki da albashin mutum ɗaya mai tsara baje koli. Zauren ya zama wurin nuni, ɗaki ɗaya na littattafai, ɗaya na baƙo daga Damagaram ko Tamale, sauran na aiki, bayanin bango kuma a rubuta shi da Hausa. Mu da muke zaune a waje muna tura kuɗi gida kowane wata domin biki da gini da asibiti, kuma na fara tuntuɓar wasu abokaina a nan ko mu goma za mu iya ɗaukar nauyin ɗakin littattafan. Ɗan yayata ya riga ya turo mini sunayen abokan karatunsa shida da har yanzu suke zane da dare bayan sun rufe shago.