Hasken ranar Yamai ba ya juya fanka a Damagaram

Duk bazara, da zarar ɗauke wuta ta tsananta, sai mahukunta su sake karanto mana yawan megawat na hasken rana da ƙasarmu Nijar ta samu da wanda ke tafe, a ce mu ƙara haƙuri. Wannan lissafin ya ishe ni, domin ba a faɗin inda wutar take zuwa.

Tashar Gorou Banda mai megawat 30, wadda ta fara aiki a 2023, a bakin Yamai take, layin yamma take ba wuta. Mu nan Damagaram da Maraɗi da Tawa layinmu daban ne, daga Katsina yake shigowa ta Gazawa. Abin da ya faɗo ɓangarenmu shi ne tashar Malbaza ta 2018, megawat 7 kacal ga jihohi uku masu ɗimbin jama'a. To me zai sa a haɗa alƙaluma wuri guda a kira su "na ƙasa"?

Kowa ya tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse mana wuta saboda takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO. Kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin da kamfanin wuta na ƙasa, NIGELEC, ke rabawa daga can yake zuwa. Zanen aro ba ya rufe katara, mun gani da idonmu. Mai walda a Sabon Gari ya wuni zaune gaban ƙofar ƙarfen da ya kasa haɗawa, yaransa na kwance a inuwa. Matar da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo ta buɗe firiza ta tarar da ruwan ɗumi cikin leda, jarinta ya tafi. Duk wannan a jihar da matatar SORAZ ke tace mai tun 2011.

Akwai kuma abin da masu jawabi ke tsallakewa da gangan: dare. Tashar hasken rana marar batir tana yin barci da magariba, daidai lokacin da ɗakunan Birni da Zongo ke amayar da zafin da bango ya sha tun safe, jarirai na kuka, tsofaffi na neman iska a tsakar gida. Mai hali ya riga ya ɗora farantin hasken rana a rufinsa, ya sayi batir, ya fita daga sahun masu ƙorafi. Talaka aka bari da mahuci, alhali da sunansa ake sa hannu a kan yarjejeniyoyin gina tashoshin.

Masu cewa hasken rana yaudarar Turawa ce, a koma ga gawayin ƙarƙashin ƙasa na Salkadamna, a jihar Tawa, kawai, su fara nuna mana tashar da aka shekara da shekaru ana alkawarinta. Masu cewa a jira madatsar Kandaji kuwa, tun 2008 aka aza tubalinta, kuma ko an gama, megawat 130 ɗinta a Tilaberi za su fito, can ƙuryar yamma.

Rana dai muna da ita har ta yi yawa, fili kuma ga shi nan daga nan har Tanut. A gina tasha a nan, da batir ɗinta, kada a ƙaddamar da ita sai tana iya ba da wuta bayan isha'i. A hanzarta haɗa layin gabas da na yamma. A fara da asibitoci da injinan turo ruwa, tun da ƙishirwar Damagaram ba baƙon labari ba ne. Kuma duk ministan da zai sake kawo mana alƙaluma, ya raba su jiha-jiha kafin ya hau mimbari.