Kafin ku hau dutse a ƙasar sanyi, ku ajiye lissafin ƙasar zafi

Mu da muka taso a ƙasar zafi, idan aka ce tafiyar ƙafa mai wuya, rana da ƙishi ne ke zuwa mana a rai. A can lissafin daidai ne. Matsalar ita ce 'yan'uwanmu da ke karatu ko aiki a Turai, idan suka haɗa kai za su hau dutse karon farko, da shi suke fita: ruwa da yawa, riga shara-shara, hular rana. Alhali a nan sanyi ne ke kayar da mutum, da jiƙewa, da duhu.

Ku ɗauki Ben Nevis na Sikotilan, dutse mafi tsawo a Birtaniya. Mita 1,345 ne. Chappal Waddi da ke jihar Taraba, mai mita 2,419, ya fi shi da sama da mita dubu, don haka mai duba lamba kawai zai raina shi. Amma hanyar Ben Nevis tana farawa ne kusan daidai da bakin teku, wato tsawon nan kusan gaba ɗaya da ƙafarka za ka haye shi, kuma zuwa da dawowa kimanin kilomita 17 ne. Ga shi duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da kamar digiri 6.5. Idan digiri 12 ne a gindin dutsen, a samansa 3 za ka tarar, iska kuma ta ƙara kwashe ɗumin jikinka. Ana iya samun ƙanƙara a saman har cikin bazara.

Shi ya sa maganar tufafi ta fi komai damuna. Auduga da muke so saboda tana sanyaya jiki, a nan ita ce abokiyar gaba. Kana hawa kana gumi, riga ta shanye gumin ta riƙe. Da zarar ka tsaya hutawa iska ta buga, jiƙaƙƙiyar rigar ta fara zuƙe ɗumin jikinka, kuma ba za ta bushe ba har ka sauko. Wandon jins ya fi muni. A sa tufafi hawa uku: ta ciki ta ulu ko ta yadin 'yan wasanni mai saurin bushewa, ta tsakiya mai riƙe ɗumi, ta waje mai tare ruwa da iska, har da wandonta. Hula da safar hannu su shiga jaka ko da gari ya waye da rana. A fara tafiya ana ɗan jin sanyi, domin cikin minti goma jiki zai ɗauki ɗumi. A tsaya hutu kuwa, a ƙara riga nan take, kafin sanyin ya shiga. Takalmi ya zama mai riƙe idon sawu, wanda ƙasansa ba ya santsi, wanda ƙafa ta riga ta saba da shi. Sabon takalmi bororo yake jawowa. Ruwa lita biyu zuwa uku ya isa yini guda, a riƙa cin ɗan abu duk bayan awa ɗaya.

Sai lokaci. A gida rana tana faɗuwa kusan lokaci ɗaya duk shekara, har ba ma tunaninta. A Sikotilan, a watan Yuni sai bayan goma na dare take faɗuwa, a Disamba kuwa kafin huɗu na yamma. Masu hawan dutse suna da wani tsohon lissafi na William Naismith tun 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. A Ben Nevis wannan zai ba da awa biyar da rabi da 'yan kai, amma na mutum mai ƙarfi ne, babu hutu a ciki. Sababbin hawa su ɗauka awa bakwai zuwa tara. Daga nan sai a ƙirgo baya daga faɗuwar rana, a bar rarar awa biyu, a yanke lokacin juyawa. In lokacin ya cika, a juya, ko da ana hango ƙarshen dutsen. Kowa ya riƙe tocilan tasa ta goshi.

A ganina, babban haɗarin tafiya da abokai ba a cikin jaka yake ba. Kunya ce. Babu mai son a ce shi ne ya hana jama'a kaiwa, don haka wanda ya gaji zai yi shiru, wanda ke rawar sanyi zai ce lafiya lau. Masu ƙarfi su yi gaba, su zauna jiransa, da isowarsa su miƙe, wato wanda ya fi kowa buƙatar hutu shi ne bai samu ba. Wannan zalunci ne da ake yi ba da gangan ba. Gyaransa tun a ƙasa ake yi, kafin gajiya ta shiga kan kowa: mafi rauni ya bi bayan jagora, tafiyarsa ita ce tafiyar kowa, wani gogagge ya rufe baya. A yi alkawari cewa mutum ɗaya ya ce a koma, magana ta ƙare, kuma ba wanda zai sauka shi kaɗai. Ku sa wa juna ido, domin idan zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, mai shi ba ya gane halin da yake ciki. Za ku ga yana tuntuɓe, harshensa ya yi nauyi, ya kasa zuge zif, ya zama mai gardama ko ya yi shiru. A kai shi inda iska ba ta bugawa, a sauya masa jiƙaƙƙun kaya, a shimfiɗa jaka tsakaninsa da ƙasa, a ba shi abu mai ɗumi da zaƙi in yana iya haɗiya. Idan rawar sanyin ta tsaya alhali bai ji ɗumi ba, abin ya tsananta, a nemi taimako.

Manyan duwatsun Afirka, irin su Kilimanjaro mai mita 5,895 da Toubkal na Maroko mai mita 4,167, nasu ciwon daban ne: ƙarancin iskar shaƙa daga mita 2,500 zuwa sama. Ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga gare shi. Bayan mita 3,000, kada wurin kwana ya ɗaga fiye da mita 500 a dare ɗaya. Ciwon kai da tashin zuciya na nufin a dakata. Tangaɗi ko haki a zaune na nufin a sauka nan take. Can ma kunyar nan ce ke sa a ɓoye.

Saukowa kuma ta fi hawa jawo faɗuwa, domin cinya ta gaji, hankali ya koma gida. A ɗaure igiyar takalmi da kyau don kada yatsu su riƙa dukan gaba, a yanke farce tun a gida, a taƙaita taku, a dogara sanda. Saman Ben Nevis yakan lulluɓe da hazo, ga gangare mai tsananin zurfi ta arewa dab da hanya, saboda haka taswirar takarda da kamfas, wato na'urar nuna alƙibla, wajibi ne, tare da wanda ya iya aiki da su. Sanyi yana cinye batirin waya, a ajiye ta a aljihun ciki. A bar wa wani a gida sunan hanya da lokacin dawowa. In abu ya faru a Birtaniya, a kira 999 a nemi 'yan sanda, sannan a ce ana son masu ceto a kan dutse. A ƙasashen Tarayyar Turai 112 ce. Inda babu sabis, a busa usur sau shida, a dakata minti ɗaya, a maimaita.