Injiniyan na'urorin asibiti: karatun da allo kaɗai ba ya bayarwa

Duk shekara in sakamakon bak, jarrabawar kammala sakandare, ya fito, gidajen Yamai da ɗansu ya ci a fannin kimiyya maganarsu ɗaya ce: ya tafi likitanci. In yaro ya ce shi injiniyan na'urorin asibiti yake son zama, sai ka ji mahaifi ya ce, "Wato bakanike ke nan?" A ganina yaron ya hango abin da manya ba su hango ba. Sai dai zaɓin nasa ba zai yi amfani ba in aka koyar da shi a kan allo kawai.

A 2016 aka ƙaddamar da babban asibitin Référence da China ta gina, mai gado 500. A 2021 cibiyar yaƙi da cutar daji ta fara gasa cutar da haske. Ga sikana mai ɗaukar hoton cikin jiki, ga injinan wankin ƙoda, ga kwalaben jarirai bakwaini. Kowanne in ya tsaya, likita komai gwanintarsa sai dai ya ce wa majinyaci ya dawo wani sati. Wani bincike na jami'ar Duke ta Amurka a 2011, da ya duba na'urori sama da dubu 100 a ƙasashe masu tasowa, ya iske kusan kashi 40 cikin ɗari ba sa aiki, kuma rashin masu gyara da kayan gyara na cikin manyan dalilan.

Mu kuwa ƙasarmu ba ta ragawa inji. An ƙera yawancinsu don ɗakuna masu sanyi da wuta mai tsayawa daram. Nan zafin Afrilu yana kai digiri 45. Ƙurar hunturu tana toshe matatar injin da ke tace iskar numfashi, sai ƙarfin iskar ya ragu ba tare da mai jinya ya lura ba. Injin wankin ƙoda rayuwarsa na ga tsabtar ruwan da ake ba shi, kuma kowa ya san launin kogin Isa da damina. Wuta kuma, ba mu manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse mana layi. Kowane ɗaukewa da dawowa yana iya ƙona allon lantarkin cikin na'ura. Littafin da aka rubuta a Faransa ba zai koya wa ɗalibi wannan ba, sai ya buɗe injin da hannunsa ya ga ƙurar.

Shi ya sa nake ganin jami'ar gwamnati ce mazaunin wannan karatu. Ba don sauƙin kuɗi kaɗai ba, ko da yake ɗan talaka daga Tawa ko Dogonduci wannan ne damarsa. A unguwar Harobanda ta Yamai, jami'ar Abdou Moumouni tana da sashen kimiyya, tana da sashen lafiya, ga asibitin Lamorde a maƙwabtaka. Wace makaranta mai zaman kanta ce za ta haɗa waɗannan? Mai sunan jami'ar ma, masanin fiziks ne da ya shugabanci ONERSOL, hukumar makamashin rana ta Nijar, yana ƙera na'urorin hasken rana, bai tsaya ga lissafi a takarda ba.

Akwai masu cewa wahalar banza ce, tunda kamfanoni suna kulle manhajar manyan injuna, ba mai taɓa su sai ma'aikacinsu. Gaskiya ne ga sikana da irinta. Amma nan ne ma ake buƙatar injiniya tun ranar ciniki, ya karanta kwangila, ya tambayi shekara nawa za a samu kayan gyara, wa zai horar da mutanenmu, ko ɗakin da za a sa injin ya dace. Ƙananan kayan kuwa, waɗanda su ne mafi yawa, sau da dama fis ne ko batir ko waya.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan digiri. In ma'aikatar lafiya ba ta tanadi gurbin injiniya a kowane asibitin jiha ba, da albashinsa da kuɗin sayen kayan gyara, yaran za su koma wakilan kamfanoni masu sayar da injunan, ko su nufi Abidjan da Dakar. Iyayen da ke jan ƙafa wannan suke tsoro, kuma ba zan ce ba su da hujja ba.