Ɗalibin aikin walwalar jama'a a Sin: lacca a intanet, horo a gidajen mutane

A farkon 2020, da korona ta rufe makarantun ƙasar Sin, ma'aikatar ilimi ta ce a daina shiga aji amma kada karatu ya tsaya. Jami'o'i suka koma koyarwa ta manhajojin intanet irin su Tencent Meeting da DingTalk da Rain Classroom na Jami'ar Tsinghua. An buɗe azuzuwa daga baya, amma ba a saki intanet ba, haɗa biyun ake yi. Ina goyon bayan haka a fannin aikin walwalar jama'a, amma da sharaɗi.

Fannin nan bai daɗe da farfaɗowa ba. An soke shi a 1952 tare da ilimin zamantakewa, bai dawo ba sai ƙarshen shekarun 1980, kuma sai 2008 aka fara jarrabawar ƙasa ta masu wannan sana'a. Sassan koyar da fannin a jami'o'i sun yawaita cikin gaggawa, malamai da dama daga wasu fannoni suka tsallako, ba su taɓa riƙe lamarin iyali ko guda ba. A nan intanet ke da rana. Ɗaliba da ke horo a wani ƙauye a lardin Gansu ko Guizhou za ta iya zama da ƙwararren mai duba aiki daga Shanghai duk mako, ta faɗa masa inda ta kakare. Tarihin fanni, dokoki, ka'idojin bincike, duk a naɗa su a bidiyo, ɗalibi ya kalla a ɗakinsa.

Sharaɗin shi ne lokacin da aka rage daga lacca ya tafi wajen mutane. Digiri na biyu a fannin yana buƙatar aƙalla sa'o'i 800 na horo a bakin aiki, kuma ba banza aka sa su ba. Tsohuwar da 'ya'yanta suka tafi ci-rani Shenzhen suka bar mata jika za ta ce maka lafiya lau ta manhajar hira ta WeChat. Sai ka hau matakala ka shiga ɗakin za ka ga maganin hawan jinin da ba a taɓa ba, da yaron da ya ƙi ɗaga kai. Gani ya kori ji. Yadda ake yin shiru har mutum ya buɗe baki ma sai a gaban malami ake koyonsa, a gwada, a gyara.

Abin da nake tsoro shi ne jami'a ta ga sauƙin kuɗi, ta tara ɗalibai a dandali ɗaya, ta lissafa hirar bidiyo cikin sa'o'in horo. Ya kamata Ƙungiyar Koyar da Aikin Walwalar Jama'a ta Sin, wadda aka kafa a 1994, ta ƙayyade a rubuce sa'o'i nawa ne dole a yi ido da ido.