Masu cewa Hamilton ya ƙare, ku zo mu yi maganar doki da mahayi

Tun ranar 7 ga Disamba da aka rufe kakar Formula 1 ta 2025 a Abu Dabi nake ta danne maganar nan a ciki, amma jiya da daddare tura ta kai bango. A guruf ɗinmu na WhatsApp na masu kallon tseren motoci, mu 'yan ƙalilan ne daga nan cikin birni da Daura da Funtuwa, wani yaro ya turo hoton Lewis Hamilton cikin jar rigar Ferrari an haɗa mashi furfura da sandar dogarawa, ya rubuta wai tsoho ya je ya huta ya bar ma yara fili. Kafin ka ce kwabo kowa ya hau dariya, har da waɗanda na san ba su taɓa zama sun kalli tsere ɗaya daga farko har ƙarshe ba, iyakarsu guntun bidiyo na sakan talatin a TikTok. Wallahi abin ya tsaya mani a rai har na kasa barci da wuri.

Ni na fara kallon wasan nan a 2008 a gidan wani maƙwabcinmu mai dish, ranar da Hamilton ya wuce Timo Glock a kwanar ƙarshe a Brazil ya zo na biyar ya ƙwace kambu daga hannun Felipe Massa da maki ɗaya tal, alhali 'yan gidan su Massa sun riga sun fara rungume juna a gareji. Lokacin ban san komai ba a kan taya ko injin, abin da na gani kawai yaro ne baƙar fata shi kaɗai a cikin Turawa, ubanshi yana tsaye a gefe, mutumin da aka ce sai da ya haɗa ayyuka da yawa a lokaci guda kafin ya iya ɗaukar nauyin tseren ɗanshi. Tun daga ranar na kamu. To ba zan ɓoye ba ni ɗan Hamilton ne, amma abin da zan faɗa ko ɗan Max Verstappen, direban Red Bull, in dai yana kallo da gaske ya san haka yake.

Bari in fara amsa abin da ke gaskiya don kada a ce son kai ne. Shekarar 2025, ta farkonshi a Ferrari, ta yi mashi muni ƙwarai. Tunda ya fara a 2007 bai taɓa yin kaka guda bai shiga ukun farko a babban tsere ba sai 2025. Abin da ya samu kawai shi ne gajeren tseren ranar Asabar a Shanghai, washegari kuma aka soke sakamakonshi saboda katakon da ke ƙarƙashin motar ya cinye fiye da ƙa'ida, shi ma Charles Leclerc, ɗayan direban Ferrari, aka soke nashi saboda motarshi ta gaza nauyi da kilo ɗaya. A Hungari da ya tsaya na 12 a gwajin neman layi shi da bakinshi ya ce bai da amfani, wai ƙila Ferrari su canza direba. Na ga fuskarshi ranar, ban taɓa ganinshi a karye haka ba. Kuma eh, Leclerc ya fi shi maki nesa ba kusa ba a mota iri ɗaya, wannan ba mai musu.

Amma jama'a mu fa Katsinawa ne. In akwai mutanen da bai kamata a tsaya ana koya masu bambancin doki da mahayi ba to mu ne. Garin da tun zamanin Sarki Dikko ake folo da sukuwa, garin Sarki Usman Nagogo da har ƙasashen waje an san shi a kan doki. Ina yaro kawuna yana kula da dawakin wani mai hali, nakan bi shi barga da safe in riƙe mashi ragama yana zuba harawa da dusa da ɗan kanwa. Akwai ranar da wani mahayi da kowa ya san gwani ne ya zo aka ba shi wani akawal da bai taɓa hawa ba, dokin mai taurin baki, ya ja linzami doki ya ƙi juyawa sai ya wuce ƙwallo da nisa, yara a bakin fili suna ta ihu suna mashi tsiya. Kawu ko kallonsu bai yi ba, ya ce mani, kai yaro, dokin nan hannu ɗaya ya sani shekara bakwai, ko wa ka ɗora mashi yau haka za ka gani, ka bari su saba. Ban manta da maganar nan ba, kuma ita ce ta dawo mani duk tsawon kakar 2025.

Hamilton shekara goma sha biyu ya yi a Mercedes, 2013 zuwa 2024, kuma ko lokacin da yake McLaren injin Mercedes ne a bayanshi. Wato tunda ya shigo wasan bai taɓa tuƙa wani injin ba sai 2025 yana da shekara 40. Birkin Ferrari na wani kamfani ne daban, yadda injin ke riƙe mota in ka ɗaga ƙafa daban, maɓallan kan sitiyari daban, injiniyan da ke mashi magana a kunne sabo, gareji kuma rabin hirar da Italiyanci ake yi. Shi kuwa Leclerc tun 2019 yake cikin gidan, ya san inda motar ke ciwo kamar yadda ka san ramukan layinku ko cikin duhu. A wasan da kashi ɗaya cikin goma na sakan ke raba na huɗu da na tara, me kake tsammani? Na kai maganar nan wajen wani abokina bakanike da ke da gareji a hanyar Jibiya, yana kwance ƙarƙashin wata Golf ya leƙo ya ce, malam ni ko direban haya na canza ma mota sai ya yi sati yana taka birki kamar mai koyo, balle abin da ke gudun sama da kilomita 300 a awa.

Sannan ita kanta motar fa? Wannan ne masu tura hotuna ba su son a taɓo. Ferrari ko babban tsere ɗaya ba ta ci ba a 2025, har Leclerc ɗin da ake yabo bai ci ba, kuma na huɗu suka ƙare a jerin kamfanoni. Rabon Ferrari da kambun direba tun 2007 da Kimi Raikkonen, na kamfani tun 2008. Fernando Alonso ya je da kambu biyu ya yi shekara biyar ya fito hannu rabbana. Sebastian Vettel ya je da kambu huɗu ya yi shida ya fito haka nan. Halan duk su ma tsufa suka yi? In rijiya ta cinye guga uku a jere ai sai a leƙa rijiyar a daina zagin igiya. Kuma abin da ya ƙara ɓata mani rai, bayan tseren Brazil shugaban kamfanin John Elkann ya fito yana cewa direbobi su maida hankali kan tuƙi su rage surutu. Mutum ya ɗauko mai kambu bakwai da ya ci tsere 105 don ya faɗa masu inda gyara yake, ya fara faɗa kuma a ce ya yi shiru.

Ku dubi shi kanshi Verstappen. A 2023 ya ci tsere 19 cikin 22, mutane suna ta cewa ko keke ka ba shi zai ci. Da motar Red Bull ta fara tangal-tangal, Adrian Newey mai zana masu mota ya tafi Aston Martin, aka sallami Christian Horner a watan Yulin 2025 bayan shekara ashirin yana jan ragama, sai ga Verstappen ɗin nan dai yana ƙorafi a rediyo kamar kowa, a ƙarshen Agusta an ba shi rata sama da maki ɗari. Da aka gyara motar ya dawo kamar yunwa har ya zo ya rasa kambu da maki biyu kacal, Lando Norris na McLaren 423 shi 421. Direban bai canza ba tsakanin Yuli da Oktoba, dokin ne ya warke. Ni ba na son Verstappen amma ba zan taɓa cewa ba gwani ba ne, abin da ya yi a rabin kakar nan na biyu sai dai a sara mashi.

Ba na son shi ɗin ma ba laifinshi ba ne, laifin ranar 12 ga Disamba 2021 ne, tseren ƙarshe na kakar a Abu Dabi. Ranar a gidan kallo na unguwarmu na gani. Da yake tseren ƙarfe biyu na rana ne kuma Lahadi ce ta ƙwallo, sai da muka roƙi mai gidan, muka ce Alhaji don Allah ko ƙaramar talabijin ɗin kusurwa ce ka bar mana, muka haɗa mashi kuɗin mai na janareta. Mu biyar a kan benci ɗaya, bayanmu ana ta ihun ƙwallo. Hamilton da Verstappen sun shigo da maki daidai, 369.5 kowa, Hamilton na gaba da rata mai kyau saura 'yan zagaye sai wani direba Nicholas Latifi ya daki katanga aka fito da motar rage gudu. Verstappen ya shiga ya sa sabuwar taya mai laushi, Hamilton na kan tsohuwa mai tauri. Sai daraktan tseren Michael Masi ya ce cikin motocin da aka riga aka zagaye, biyar ɗin da ke tsakaninsu kawai su wuce, sauran su tsaya yadda suke, aka saki tsere zagaye ɗaya, Verstappen ya wuce Hamilton ya ɗauke kambu. Ƙanena da ke gefena ya riƙe mani hannu yana cewa Yaya ba haka dokar take ba ai, Yaya ba haka take ba. Ban iya ce mashi komai ba. Na fito waje na tsaya jikin mashin ɗina har aka kira la'asar. Daga baya hukumar FIA mai kula da tseren da kanta ta ce kuskuren ɗan Adam ne, ta cire Masi a Fabrairun 2022, amma kofi ya riga ya tafi Holan, ƙasar su Verstappen. Shi kuwa wanda aka yi ma haka ya fito daga mota ya je ya ba Verstappen hannu ya taya shi murna. Wannan mutumin ne yau yaron da bai san wannan ranar ba yake haɗa ma sandar dogarawa.

Kuma wannan halin namu na 'yan kallo ya wuce wasa. Latifi har barazanar kisa aka riƙa aika mashi bayan wancan haɗarin, don kawai motarshi ta ƙwace. A 2025 ma a Katar da Norris ya wuce Kimi Antonelli na Mercedes ana dab da gamawa, aka ce wai da gangan ya buɗe mashi hanya, aka yi ma yaro ɗan shekara 19 ca da zagi har sai da Red Bull suka fito suka ce maganar da mutanensu suka yi ba daidai ba ce, ga bidiyo ya nuna ƙarara motar ce ta zame mashi. Yaron nan sa'an ƙannenmu ne da ke aji ɗaya a jami'a. A guruf ɗinmu ma sai da wani ya tura wai an biya shi.

Ga kuma jita-jita, ita kam ba a magana. Duk daminar 2025 an hana mu sakat wai Verstappen ya gama sa hannu da Mercedes, hujjar ita ce an ga jirginshi ya sauka Sardiniya kuma jirgin ruwan Toto Wolff, shugaban ƙungiyar Mercedes, na can. Mutum na zaune Ƙofar Ƙaura da data ɗin naira ɗari biyu yana bin sawun jirgin wani a intanet yana rantsuwa da Allah an gama magana. Ilai kuwa a Hungari mutumin ya fito ya ce yana nan Red Bull. Ko mutum ɗaya bai dawo ya ce na yi kuskure ba, sai aka koma wai Hamilton zai ajiye tuƙi kafin ƙarshen shekara, ita ma shiru. Na san abin da ke ruɗar mutane, sanarwar komawar Hamilton Ferrari ranar 1 ga Fabrairu 2024 ita ma kamar ƙarya ta fara sai ta tabbata, shi ya sa yanzu kowane shafi mara suna ya rubuta abu sai a ɗauka. Amma don gulma ɗaya ta zama gaskiya ai ba a ce a buɗe ma ɗari ƙofa ba.

Abin da ni nake so mu riƙa kashe data a kai shi ne maganar da Hamilton ɗin ya daɗe yana yi shi kaɗai, cewa ba daidai ba ne a ce gasar duniya ce ana tsere sama da ashirin a shekara amma babu ko ɗaya a Afirka. Rabon nahiyar nan da Formula 1 tun 1993 a Kyalami ta Afirka ta Kudu. Ruwanda ta fito a Disamba 2024 ta ce tana nema, Afirka ta Kudu ma na nema. Cikin direbobin nan duka wa kuka ji yana tada maganar nan a kai a kai in ba shi ba?

Kakar 2026 dokoki sun canza gaba ɗaya, sabon injin da kusan rabin ƙarfinshi na lantarki ne, motoci sun rage girma, Audi ta shigo, Cadillac ta zama ta goma sha ɗaya. Kowa sabon doki zai hau, har Leclerc, har Verstappen da Red Bull za su fara haɗa injinsu da kansu tare da Ford. In Ferrari ta ba shi mota mai kyau ya kasa, ni da hannuna zan rubuta a nan cewa lokaci ya yi, ba zan ɓuya ba. Tseren farko Melbon ne ranar 8 ga Maris, ƙarfe biyar na asuba agogonmu, cikin azumi daidai lokacin sahur. Na riga na ce ma ƙanena ya kwana gidana ranar ya zo da fawa bank ɗinshi ko da an ɗauke wuta, shi ma yaron da ya turo hoton na aika mashi ya zo, akwai kunu da ƙosai, ya zauna ya kalli guda ɗaya tun daga fitilar farko har tuta.