Waken da Ake Bari Ya Ruɓe a Gona, da Harawar da Muke Kwashewa

A jihar Maryland ta Amurka, inda nake zaune, manoma da yawa ba sa barin gona tsirara bayan girbin masara. Daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba ake sake bin gonakin da iri, kuma abin da zai fito ba ci za a yi ba, ba kasuwa za a kai ba. Galibi alkama ce ko danginta, amma ana haɗawa da wani ɗan'uwan wake mai yaɗo, mai gashi-gashi a kara da ganye, wanda manoman nan ke kira hairy vetch, masana kuma Vicia villosa. Asalinsa Turai da yammacin Asiya. Ni waken hunturu nake ce masa, domin yakan tsiro kafin sanyi ya kankama, ya kwanta lamo har ƙanƙara ta wuce, sannan a Afrilu da Mayu ya taso da ƙarfi, ya lulluɓe gona, ya fitar da fure mai launin shunayya da ƙudan zuma ke rububi.

A daidai lokacin da ya yi wannan kyau ake kashe shi. Wasu da maganin ciyawa, wasu da wani ƙaton gangan ƙarfe mai kaifi-kaifi da tarakta ke ja, irin wanda cibiyar Rodale ta jihar Pennsylvania ta yaɗa, ya murƙushe shi ya shimfiɗe a ƙasa. Sai a shuka masara ko a dasa tumatir a cikin shimfiɗar, babu huɗa. Saiwarsa tana da ƙananan ƙulle-ƙulle irin na wakenmu da gyaɗarmu, inda wasu ƙwayoyin halitta ke janyo sinadarin naitirojin daga iska. Idan ya yi kyau yakan tara fiye da kilo 100 na sinadarin a hekta guda. Buhun yuriya mai kilo 50, naitirojin ɗin da ke cikinsa kilo 23 ne kacal, wato ana maganar abin da ya haura buhu huɗu ke nan. Duk wanda ya sayi taki a Dawanau ko Funtuwa cikin shekarun nan ya san nauyin wannan lissafi. A farkon shekarun 1990, masu bincike biyu a cibiyar binciken noma ta gwamnati da ke Beltsville a Maryland, Aref Abdul-Baki da John Teasdale, sun nuna cewa tumatir da aka dasa a wannan shimfiɗa ya fi na cikin baƙar leda 'ya'ya, ganyensa ya fi daɗewa kore, takin zamanin da yake ci kuma bai kai ba.

Na sha jin 'yan'uwa mazauna nan suna cewa me zai hana a kai irin gida. Ina fahimtar kishin da ke sa su faɗi haka, amma ban yarda ba. Wannan wake sanyi mai laima yake so. Mu kuwa daga Oktoba zuwa Mayu ko ɗigon ruwa ba ma gani a yawancin ƙasar Hausa, hunturunmu iska ce busasshiya da ƙura. Ko ta fuskar kiwo ma sai da taka-tsantsan. Yana da ƙarfin gina jiki, ana kiwo a kansa, ana kuma yanka shi a busar, amma likitocin dabbobi sun daɗe da sanin cewa yakan sa wa wasu shanu da dawakai wata cuta mai ƙaiƙayi da zubewar gashi da rama, har ta kai ga kisa, musamman baƙaƙen shanu irin Angus da Holstein. Irinsa kuma yana da taurin ɓawo, yakan kwana a ƙasa ya fito baɗi ya zame wa mai alkama ciyawa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake maganar manominmu kamar bai san wannan ilimi ba. Ya sani, tun kaka da kakanni. Wanda ya shuka gero ya bi tsakanin kunya da wake, me yake yi in ba wannan ba? Kanannado da ake shukawa a ƙasar Kano yaɗo yake yi ya rufe ƙasa, ya daɗe kore bayan an cire gero, ya ba da ƙwaya ya ba da harawa. Da masana cibiyar binciken noma ta IITA da ke Kano, ƙarƙashin B.B. Singh, suka fito da tsarin layi biyu na dawa da layi huɗu na wake, gyara suka yi wa abin da suka tarar a hannun manoma. Najeriya ce kan gaba a noman wake a duniya, Nijar na biye da ita.

Ga kuma gawo. Ban ga wata shuka a nan da ta kai shi dacewa da mazauninta ba. Da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen kuma ya zama taki a daidai lokacin da shuka ke nema. Da rani, sa'ad da komai ya bushe, shi ne kore, dabbobi su taru a gindinsa su ci 'ya'yansa su bar kashi. Shi ma dangin wake ne, yana janyo naitirojin. Kowane manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili. A kudancin Damagaram, wajen Magarya da Matamaye da Mirya, gonaki cike suke da shi, kuma ana ba da labarin yadda sarakunan Damagaram suka sa hukunci mai tsanani a kan sare shi. Sassaben zamani da ya faro a yankin Maraɗi a shekarun 1980, wanda Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostireliya, ya taimaka wajen yaɗawa, inda manomi ke barin tohon kututture ya girma maimakon ya sare, ya maido da itatuwa a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar.

To me ya sa gonakinmu ke kwana tsirara da rani, iska na kwashe ƙasar sama? Saboda abin da Ba'amurke ke bari ya ruɓe, a wurinmu kuɗi ne. Harawa ita ce abincin ragon layya da akuyar uwar gida. Ana ɗaure ta a ɗora kan rufin ɗaki ko reshen bishiya, a jira farashinta ya tashi gab da faɗuwar damina. Kara shi ne danga, shi ne makamashi, shi ne abincin shanu. Abin da ya rage kuma garken makiyaya su bi su kalace. Mutumin da yaransa ke jiran kuɗin harawa, ba za ka ce masa ya bar ta a gona don amfanin baɗi ya saurare ka ba, kuma yana da gaskiyarsa.

Manomin Maryland ma ba don ya fi namu hangen nesa yake yi ba. Biyansa ake yi. Gwamnatin jihar tana ba shi kuɗi a kan kowace eka da ya rufe da shuka lokacin sanyi, domin ragowar takin zamani da ruwa ke wankewa daga gonaki yana gurɓata mashigin tekun Chesapeake, yana kashe kifi da ƙaguwa. Wani kaso na kuɗin daga harajin da ake karɓa a kan ruwan ƙazantar gidaje yake fitowa, wanda aka kafa a 2004. Wato jama'ar jihar ne ke biyan manomi don ya kare musu ruwa. A wasu shekarun filin da aka rufe ta wannan hanya ya kai eka dubu 500, a jihar da ba ta da wani girma.

Wannan ne nake so mu ɗauko, ba irin shukar ba. Gwamnatocinmu na jihohi suna kashe maƙudan kuɗi kowace damina wajen tallafin takin zamani, wanda sau da yawa yakan iso bayan an yi noman farko, ko ya maƙale a hannun 'yan kasuwa. Da za a gutsuri wani abu daga ciki a riƙa biyan manomi a kan kowane gawo da ya raina a gonarsa har ya fi ƙarfin akuya, a kuma saya daga hannunsa kaso ɗaya bisa uku na karansa a kan sharaɗin ya bar shi kwance a gona, da an ga canji cikin 'yan shekaru. Ƙirga gawo ba ya bukatar na'ura. Mai unguwa da malamin gona za su iya zagayawa da ƙafa a watan Maris, lokacin da yake kore, su rubuta na kowa da sunansa.